Ɗumama Gida da Sanyaya Shi a Winnipeg: Tambayoyin da Sababbin Zuwa Suka Fi Yi

Da zarar ganyen bishiyoyin Winnipeg ya fara zuba a ƙarshen Satumba, sai tambayoyi iri ɗaya su fara iso mini daga 'yan'uwan da ba su daɗe da sauka Kanada ba. Wani ya tare ni a ƙofar masallaci bayan Juma'a, wata ta aiko wa maiɗakina hoton wani akwatin ƙarfe da ke ɗakin ƙasa, wato ɗakin da ke ƙarƙashin gida, tana tambayar ko mene ne. Na yi zaman haya a garin nan, daga baya Allah ya hore mini gida, kuma yawancin abin da ke ƙasa a jikina na koye shi. Na jera tambayoyin daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Wanda ba shi da lokacin karanta duka, don Allah ya karanta amsar gubar iska da ta warin gas kafin ya tashi.

Wai sanyin garin nan ya kai a riƙa yi wa injin ɗumi wannan hidima?

Ya kai, har ya wuce. Winnipeg a tsakiyar fili take, ba dutsen da zai tare mata iska, ba teku kusa da zai sassauta mata. A watan Janairu matsakaicin yanayi yakan zauna wajen digiri 16 ƙasa da sifili, kuma dare mai digiri 30 ƙasa da sifili ba baƙo ba ne. In iska ta haɗu da shi har jiki ya ji kamar 40, fatar da aka bari a buɗe tana iya daskarewa cikin minti goma. Ba banza mutanen garin suke kiransa Winterpeg ba. Hunturun Kano da ke sa mu kwana da rigar sanyi, da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10 sama da sifili.

Gidan da injinsa ya tsaya a irin wannan dare, cikin 'yan awoyi zai huce, daga nan ruwan da ke cikin bututu ya daskare, ya kumbura, ya fasa bututun. A hunturun 2013 zuwa 2014, wanda garin bai ga irinsa ba tun 1898, sanyi ya ratsa ƙasa har ya kai ga bututun ruwan da aka binne, gidaje fiye da 2,000 suka rasa ruwan famfo, wasu har tsawon makonni.

Mene ne wannan fanes da kowa ke magana a kai?

Shi ne akwatin ƙarfen nan mai tsayin ƙaramin firji da ke ɗakin ƙasa. Yawancin gidajen Winnipeg da gas yake aiki. Yana ƙona gas ɗin a cikin wani rufaffen ƙarfe, fanka ta hura iskar gida ta bayan ƙarfen, iskar ta ɗauki zafi, ta bi bututun kwano ta fito ta ƙananan kafofin da kake gani a ƙasan kowane ɗaki. Hayaƙin wutar kuwa hanyarsa daban, waje yake fita. Muddin ƙarfen nan da ya raba hayaƙi da iskar gida lafiya yake, kai ma lafiya kake.

Ina ba kowa shawara ya sauka wata rana ya tsaya kusa da shi ya saurara. Za ka ji wata ƙaramar fanka ta fara juyawa, ta ɗan gilashin da ke jikin murfin ka ga wani abu ya yi ja kamar garwashi, ka ji "ƙas", sai harsunan wuta shuɗaye su jeru. Bayan kamar rabin minti zuwa minti ɗaya babbar fanka ta tashi. Wanda kunnensa ya saba da wannan jeri, ranar da wani abu ya lalace zai iya faɗa wa mai gyara daidai inda aka tsaya.

Ni gidan da nake babu kafofin iska a ƙasa. Ta ina ɗumin ke zuwa?

Ɗaya daga cikin biyu ne. Tsofaffin benayen haya, irin na unguwannin Osborne Village da West End, da yawansu boila suke da ita: ana dafa ruwa a wuri ɗaya, ya zagaya cikin ƙarafan da ke gindin taga. Wasu gidajen kuma dogayen hitocin lantarki ne a kwance a gindin bango. Ko wanne ne, kada a jingina masa katifa, kada labule ya sauko a kansa, kada a shanya kayan yara a kan na lantarki. Kuma kada a bar taga a buɗe a saman ƙarfen ruwan zafi a kwana, don ruwan da ke ciki yana iya daskarewa ya fasa shi, ɓarnar ta sauka har kan maƙwabcin da ke ƙasa.

A kan nawa ya kamata in bar tamostat?

Tamostat shi ne ɗan akwatin da ke bango wanda ake saita ɗumin gida da shi. Digiri 20 ko 21 da rana, 17 ko 18 in an kwanta ko an fita aiki. Gidan da ke da jariri ko tsoho ya ƙara kaɗan, ba laifi. Kuskuren da kusan dukanmu muka yi da farko shi ne murɗa shi zuwa 30 don gida ya yi saurin ɗumi. Ba ya ƙara sauri ko kaɗan. Tamostat umarni kawai yake bayarwa na inda za a tsaya, fanes kuwa da ƙarfinsa da ya saba zai yi ta aiki har ya wuce inda kake so, gas ya ƙone a banza, iska ta ƙara bushewa. Kada kuma a kashe shi gaba ɗaya in za a fita, dalilin yana cikin amsar masu tafiya gida.

Haya nake yi. Ɗumama gidan hakkin wa ne, nawa ko na mai gida?

Samar da na'urar ɗumi mai aiki da gyaranta hakkin mai gida ne. Biyan kuɗin gas ko wuta kuwa ya danganta da abin da kuka rubuta a takardar haya, don haka a karanta ta kafin a sa hannu. Ƙa'idar birnin ita ce ɗaki ya samu aƙalla digiri 21 daga ƙarfe 7 na safe zuwa 11 na dare, da wajen 18 a sauran daren.

In ɗumi ya yi ƙasa, sayi ɗan ma'aunin zafi, ɗauki hotonsa a tsakiyar ɗaki, ka aika wa mai gida saƙo a rubuce mai kwanan wata. In bai motsa ba, kira layin birni na 311, sannan ofishin lardi mai kula da masu haya, wato Residential Tenancies Branch. Na san halinmu na kara da kawaici, na kuma ga iyalin da suka yi kwana uku cikin bargo don kunyar damun mai gida. Wannan ba wurin kara ba ne. Hakki ne da kuke biyan kuɗinsa duk wata.

Wace ce filta, kuma yaushe ake canza ta?

Rariya ce ta takarda mai firam ɗin kwali da ake zurawa a gefen fanes, inda iskar gida ke komawa ciki. Ita ke tare ƙura. In ta toshe, iska ba ta wucewa sosai, ƙarfen ciki ya yi zafi fiye da kima, injin ya kashe kansa, ya huce, ya sake tashi, ya sake mutuwa. Kira da yawa na tsakar dare, wannan 'yar takarda ce sanadinsu.

Siririyar, mai kaurin inci ɗaya, a duba ta duk wata a lokacin sanyi, a canza ta tsakanin wata ɗaya zuwa uku. Ɗaga ta ka kalli fitila: in haske ba ya ratsawa, ta gama aiki. Girmanta a rubuce yake a gefenta, misali 16x25x1, ɗauki hotonsa kafin ka je shagon Canadian Tire ko Home Depot. Akwai kibiya a jikinta, kibiyar ta nuna wajen fanes. Lambar MERV tana nuna ƙanƙantar ƙurar da take kamawa, kuma ba lalle mai babbar lamba ce ta dace da kai ba, domin tana iya shaƙe tsohon inji. Lamba 8 ta wadaci yawancin gidaje. Ni ina rubuta ranar da na sa ta da biro a jikin kwalin. Gidan da ake turare kullum ya riƙa dubawa fiye da haka, kamar yadda zan faɗa a amsar turaren wuta.

Injina lafiya yake aiki. Sai na biya a duba shi duk shekara?

E, kuma a Satumba ko farkon Oktoba, kafin layi ya yi tsawo. Tun ran gini ake zane. Mai gyaran kirki zai wanke ɗan ƙarfen da ke tabbatar wa injin cewa wuta ta kama, ya gwada abin kunnawa, ya duba launin wutar, ya auna hayaƙin da na'ura, ya duba ko ƙarfen da ya raba hayaƙi da iskar gida ya tsage, ya buɗe hanyar da ruwa ke tsiyaya. Ka tsaya tare da shi, ka ce ya nuna maka abin da ya gani, ya bar maka rahoto a rubuce. Wanda ya shigo ya fita cikin minti goma bai yi aikin ba. Wasu kamfanonin ƙera injin ma suna sa wannan dubawa cikin sharuɗan garantinsu.

Fanes ya mutu da tsakar dare. Me zan duba kafin in kira mai gyara?

Da farko, in kana jin warin gas ko ƙararrawar gubar iska na kuka, bar komai ka koma amsoshin nan biyu da ke ƙasa. In babu, fara da tamostat: yana kan ɗumi? Batirinsa bai mutu ba? Sai makunnin fanes ɗin, wanda kamarsa ɗaya da makunnin fitila, yakan kasance a jikin injin ko a bangon matakalar ɗakin ƙasa, kuma yara da baƙi sukan kashe shi ba su sani ba. Sai bireka, makunnin da ke faɗuwa in kaya sun yi wa layi nauyi, a akwatin wuta. Sai filta. Sai murfin injin, don in bai zauna daidai ba, ba zai tashi ba. Sannan ka sa takalmi da riga ka fita ka duba bututun waje.

In duk wannan bai yi ba, leƙa ta ɗan gilashin nan. Akwai wata 'yar fitila mai ƙyaftawa. Ƙirga sau nawa take yi kafin ta huta, ma'anar tana manne a bayan murfin, ka faɗa wa wanda ya ɗauki waya. Kashe injin ka kunna sau ɗaya ya isa, kada ka yi ta maimaitawa. Kada kuma ka kwance wani abu da ya shafi gas ko da ka iya gyaran janareta a gida. Kafin mai gyara ya iso, tara iyali a ɗaki ɗaya, buɗe ƙofofin kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke don ɗumi ya kai ga bututu, ka bar famfo yana ɗan ɗiga.

Waɗanne fararen bututu ne guda biyu suka fito ta gefen gidana?

Hancin injinka ne. Sababbin fanes, masu mayar da kashi 90 zuwa sama na gas ɗinsu ɗumi, ba sa bin bututun hayaƙin rufi. Ɗaya bututun yana jawo iska daga waje, ɗayan yana fitar da hayaƙi mai tururi. Dusar ƙanƙara tana iya binne su, ko tururin ya daskare a baki ya toshe, sai injin ya ƙi tashi don kare mutanen gida.

Hunturuna na farko a gidana, bayan wata guguwar Fabrairu, na farka da asuba na ga tamostat yana nuna 14. Yara na barci, ƙasan ɗaki kamar ƙarfe. Ina tsaye a waje da tocila ina neman lambar masu gyara, sai dattijon maƙwabcina da ke share ƙofarsa ya zagayo da tsintsiya. Bai ce komai ba, ya durƙusa ya tone wurin da hannu, ya zaro wani dunƙulen farar raɓa daskararriya daga bakin bututun, girman dunƙulen fura. Kafin mu miƙe na ji injin ya tashi. Tun daga ranar, duk safiyar da aka yi ƙanƙara sai na zagaya gefen gidan kafin in share mota. A share da hannu ko tsintsiya, ban da shebur, kuma a haɗa da mitar gas, ita ma ba a son ƙanƙara ta rufe ta.

Mece ce gubar iskar nan da ake ta ja mana kunne a kanta?

Kabon monoksaid ke nan, kuma ba baƙuwarmu ba ce. Ita ce ke kashe iyali a ɗaki in an kwana da janareta a baranda ko da kaskon gawayi a rufe. Duk abin da ke ƙonewa bai samu isasshiyar iska ba yana fitar da ita. Ba ta da wari, ba ta da launi. Tana shiga jini ta kama gurbin iskar numfashi. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, shi ya sa ake ɗaukarta mura. Abin lura shi ne mutanen gida su kamu a lokaci ɗaya, kuma a ji sauƙi in an fita waje. A Yulin 2019, a wani otal da ke titin Portage a nan Winnipeg, mutum 46 aka kwasa zuwa asibiti saboda ita, kuma a tsakiyar bazara ne.

Haɗarin ya fi yawa a nan domin gidajen a toshe suke ruf, ba kamar namu masu tsakar gida da iska ke ratsawa ba. Don haka gawayi ba ya shiga cikin gida, ko na gashin nama ne, ko na shayi, ko a gareji ne. Ba a buɗe murhun girki na gas don jin ɗumi. Ba a barin mota tana aiki a garejin da ke manne da gida ko da ƙofa a buɗe take.

A sa ƙararrawar da ke gano ta kusa da ɗakunan barci da kowane hawa na gida. Daban take da ƙararrawar hayaƙi, sai dai akwai mai haɗe da aikin biyu. A danna maɓallin gwajinta duk wata, a duba ranar ƙarewarta a bayanta, don ba ta wuce shekara 7 zuwa 10. In ta yi kuka, a fita da kowa, a kira 911 daga waje. Kada a cire batirin a koma barci.

To mu mata, turaren wuta fa? Shi ma a daina?

Hajiya, ba a ce ki rabu da turarenki ba, gawayin ne matsalar. Sayi kaskon turare na lantarki, akwai shi a shagunan Larabawa da na 'yan Somaliya da Sudan. Sa kaɗan, ɗan buɗe taga na mintuna, kada ki bar shi ki fita. Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne kada a rufe ƙararrawar hayaƙi da leda ko a cire ta don tana damun turare, domin mantawa ake yi a bar ta haka. Ki kuma sani hayaƙin yana bin kafofin iska ya manne a filta, za ki ga ta yi baƙi da wuri.

Ina jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Mene ne?

Gas ne ke yoyo, sai an tabbatar ba shi ba ne. Asalinsa ba shi da wari, da gangan ake zuba masa wannan ɗoyin don hanci ya kama. Kada ka kunna ko ka kashe fitila, kada ka ƙyasta ashana, kada ka tsaya neman inda yake fitowa. Fita da kowa, ka bar ƙofa a buɗe, daga waje ka kira 911 ko layin gaggawa na Manitoba Hydro, wanda ke kula da wuta da gas duka a lardin. Lambar tana kan takardar bil, ka adana ta a wayarka yau. Wannan daban yake da ƙaurin ƙura da ake ji ranar farko da aka kunna fanes a kaka, shi wannan yakan wuce cikin awa ɗaya ko biyu.

In an ɗauke wuta, fanes ɗin gas zai ci gaba da aiki?

Ba zai yi ba, don fankarsa da abin kunna shi duk lantarki ne. Ɗauke wuta ba yawa a nan, amma yana faruwa. A Oktoban 2019 ƙanƙara mai nauyi ta sauka bishiyoyi ba su gama zubar da ganye ba, rassa suka karye kan wayoyi, dubban gidaje suka zauna a duhu, wasu kwanaki. A tanadi tocila, barguna da cajin waya. Mai janareta ya ajiye shi a waje, nesa da taga da ƙofa. In abin ya yi tsawo gida ya huce sosai, a rufe babban famfon ruwa, a tsiyaye bututu, a koma wurin 'yan'uwa.

Zan iya ƙarawa da ƙaramar hita a ɗakin yara?

Za ki iya, da sharaɗi. Yawancinsu wat 1,500 suke ja, kusan duk abin da layin wuta ɗaya na gida zai iya ɗauka ke nan, shi ya sa bireka ke faɗuwa in an haɗa ta da dutsen guga. A soka ta kai-tsaye a bango, ban da wayar ƙari. A bar tazarar mita ɗaya tsakaninta da gado, labule da kaya. A sayi mai kashe kanta in ta faɗi, kuma kada a kwana da ita a kunne. Amma kafin ki saya, duba ko kafar iskar ɗakin a rufe take ko gado ya danne ta, sau da yawa matsalar ke nan.

Leɓe na tsagewa, yara na haɓo, amma tagogi na zubar da ruwa. Yaya ke nan?

Iskar sanyi ba ta riƙe danshi, in aka ɗumama ta sai ta bushe ƙarau, kamar tsakiyar hunturun gida. Man kaɗanya da shan ruwa suna taimakawa, haka na'urar ƙara danshi. Sai dai in danshin ya yi yawa, yakan taru a gilashi mai sanyi, ya gangara cikin katako, baƙin fumfuna ya fito. Girkinmu na dogon dahuwa da shanya a ɗaki suna ƙara shi sosai.

Sayi ɗan ma'aunin danshi. Kashi 30 zuwa 40 ya yi daidai, in sanyi ya tsananta a sauko ƙasa da haka. Kunna fankar kicin in ana girki, ta banɗaki in ana wanka, a ɗage labule da rana. Sababbin gidaje suna da wani akwati a rataye kusa da fanes, ana ce masa HRV, yana fitar da tsohuwar iska ya shigo da sabuwa ba tare da asarar ɗumi da yawa ba. Kada a kashe shi don tsimin wuta, a dai wanke filtarsa.

Zan tafi gida wata biyu a lokacin sanyi. In kashe komai?

A'a. Bar tamostat a kan 15 ko sama, sa sabuwar filta da sabon batir, rufe babban famfon ruwa, buɗe famfunan gida su tsiyaye. Ba wa amintacce makulli ya riƙa shiga, ya taɓa kafar iska ya ji ɗumi, ya zagaya ya duba fararen bututun nan. Kira kamfanin inshorarka kafin ka tashi, domin da yawansu sun sharɗanta a riƙa duba gida a kai a kai a lokacin sanyi, in ba haka ba su ƙi biyan ɓarnar ruwa. Mai haya shi ma ya sanar da mai gida.

Garin da ke da wannan sanyi, me za a yi da esi?

Yuli zai ba ka amsa. Zafi yakan haura digiri 30 da gumi, ga gidan da aka gina don riƙe ɗumi, ga sauro, ga hayaƙin gobarar daji da ke hana buɗe taga a wasu ranakun. Esin gida gaba ɗaya kashi biyu ne: akwatin da ke waje, da wani sashe a saman fanes. Fanka ɗaya da filta ɗaya suke amfani da su, don haka abin da na faɗa kan filta yana nan har a bazara.

A ƙarshen Mayu kashe wutar akwatin waje, wanke shi da tiyo a hankali, ka maimaita bayan audugar bishiyoyi ta gama tashi, don tana liƙe masa kamar bargo. Kada a kunna shi in waje bai kai wajen digiri 15 ba. In ka ga ƙanƙara a bututunsa, kashe shi ka duba filta. In aka ce gas ɗinsa ya ragu, to yoyo yake, a nemo wurin a gyara, ba a yi ta ƙari duk shekara ba. Tsofaffi masu amfani da gas ɗin sanyi samfurin R-22 gyaransu ya yi tsada tun da aka daina shigo da shi a 2020. Da kaka, faifan katako a samansa ya isa. Naɗe shi ruf da leda yana tara danshi da ɓeraye.

An ce in canza fanes. Ta yaya zan san gaskiya aka faɗa mini?

Fanes yakan yi shekara 15 zuwa 20. In naka ya kai haka, gyara ya fara yawa, ko ƙarfen ciki ya tsage, canji ya fi. Tsagewar nan ba abin jinkiri ba ce, amma kana da hakkin a nuna maka ita, ka kuma kira wani kamfani ya sake dubawa. Nemi farashi a rubuce daga wurare uku. Tambayi lasisin aikin gas na lardin Manitoba, da wanda zai karɓo takardar izini, da tsawon garantin kaya da na aiki. Wanda bai auna gidanka ba ya yanke girman inji, ka yi hattara da shi, domin injin da ya fi ƙarfin gida yana yawan tashi da mutuwa, ya tsufa da wuri. Wanda ya ce zai yi maka a rabin kuɗi ba takarda, ka tuna araha ba ta ado. Mai ƙwanƙwasa ƙofa kuwa ba ka kira shi ba, yana cewa a nuna masa fanes ko bil, kada ya wuce bakin ƙofa. Dokar kare masu saye ta Manitoba ta hana irin wannan talla.

Za a yi maka maganar famfon zafi, na'urar da ke sanyaya gida da bazara ta kuma juya ta ɗumama shi da sanyi. A ganina abu ne mai kyau a lardin da kusan duk wutarsa daga madatsun ruwa take, galibi na kogin Nelson. Amma mai jan zafi daga iskar waje ƙarfinsa yana raguwa in an doshi digiri 25 zuwa 30 ƙasa da sifili, don haka a Winnipeg dole a haɗa shi da fanes ko hitar lantarki ta ko-ta-kwana.

Bil ɗin Janairu ya ninka na Satumba sau da yawa. Akwai dabara?

Manitoba Hydro tana da tsarin raba kuɗin shekara daidai a kan kowane wata, ana ce masa Equal Payment Plan. Ba ya rage kuɗin, amma yana hana wata ɗaya ya karya mutum. Tana kuma ba da rancen gyaran gida da ake biya ta cikin bil. Hukumar Efficiency Manitoba kuwa tana da tallafin toshe rufi da bango da canza tsohon fanes, har da shiri na musamman ga masu ƙaramin ƙarfi, a duba sharuɗansu kafin a fara aiki, ba bayan an gama ba.

Abin da ke hannunka yau shi ne ka bi ƙofofi da tagogi da bayan hannunka a rana mai iska. Inda ka ji sanyi na tsirgowa, sa robar toshe ƙofa, ka manna farar ledar taga da ake ɗamewa da na'urar busar da gashi. Rage tamostat da dare kamar yadda aka faɗa a sama. Ɗakin da ba a shiga a iya rage kafar iskarsa, amma kada a rufe kafofi da yawa a lokaci ɗaya, don yana shaƙe injin kamar yadda toshasshiyar filta ke yi.